Harsashi Arba'in da Uku

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina gyaran tarakta da injinan ban-ruwa a Fau, kuma nasiha ɗaya nake maimaita wa manoma har sun haddace ta: kada ka sayi injin da babu kayan gyaransa a kasuwar Gadarif. Komai kyansa, komai rangwamen da aka yi maka, ranar da ringi ya ci ko famfon mai ya tsaya, za ka zauna kana kallonsa kamar dutse, lokacin shuka na wucewa. Shi ya sa nake tura mutane ga Massey Ferguson, don ko a ƙauye ta mutu sai an sami mai tsohuwar safaya a bayan ɗaki. To ni mai wannan wa'azi, a watan Janairun 2024 na karya dokata da hannuna, idona biyu. Na karɓi bindigar da ban taɓa ganin harsashinta a wata kasuwa ba. Yadda aka yi haka nake so in ba ku labari.

Ga wanda bai san Fau ba, gari ne a gindin dutse, a kan titin da ya tashi daga Madani ya nufi Gadarif. Nan ne hedikwatar aikin noman Rahad, wanda aka buɗe a 1977, fili mai faɗin faddan dubu 300 na auduga da gyaɗa da dawa. Ruwan da muke sha da wanda muke ba gona daga nesa yake zuwa: ana ɗago shi da injina daga Shuɗin Nilu, ya bi doguwar tur'a, ya ratsa ta ƙarƙashin kogin Dindir, ya zubo cikin Rahad. Kakanmu daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa da niyyar Makka, kamar dubban da suka biyo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya tsaya bakin Rahad don ya noma guzuri, guzurin bai taɓa cika ba. Mahaifinmu ya sami hawasha, wato gonar faddan 22, da aka buɗe aikin. A gidanmu ba a taɓa ajiye bindiga ba. Abin da Baba yake da shi gora ce da gatari da tocila. In kura ta zagayo awaki da dare, tsohon garwa ake dukawa har ta tafi.

Son bindiga mai liba kuwa a silima na kwaso shi. Lokacin da nake yaron gareji a Madani, a ƙarshen shekarun 1980, duk daren Juma'a in maigidana ya sallame mu, silima muke nufa. Abokaina fim ɗin Indiya suke so, ni kuwa na kaboyi. Su suna kallon dawaki, ni hannun jarumin nake kallo. Zai harba, ya tura wani ƙarfe da ke ƙarƙashin bindigar gaba, ya dawo da shi. A wannan kai da komo guda ɗaya an zare kwanso an jefar, an ɗana guduma, an ɗago sabon harsashi, an tura shi ciki. Ga yaron da ke koyon yadda fistan da bawul suke sauraron juna, wannan abin mamaki ne. Na sha zana shi da ƙusa a ƙasan gareji, ina neman in gane yadda cikinsa yake. Sha'awa ce irin ta makanike kawai. Ban taɓa kawo wa raina zan riƙe irinta ba.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023. Wata takwas muna jin sa daga nesa, muna karɓar baƙi, muna cewa ba zai iso ba. A mako na uku na Disamba sai Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, waɗanda a nan muke ce wa Da'ama. Tsakaninmu da Madani tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba. Kwana da kwanaki titi bai huta ba: loruka, motocin gida, amalanken jaki, tsofaffi a ƙafa da ƙunshin kaya a ka. Makarantu suka cika, masallatai suka cika. A tsakar gidana kaɗai an kwana mutum ashirin da ɗaya. Dare ɗaya Fau ta tashi daga garin manoma ta koma bakin daga.

Daga nan hirar kasuwa ta sauya. Da farashin gyaɗa ake tambaya, yanzu farashin bindiga. Aka yi ta kiran matasa su shiga horo, a kafa tsaron unguwa. Mutanen ƙasar nan dama sun saba raɗa wa bindigogi suna: tsohuwar Lee-Enfield ta Ingilishi ita ce Abu Ashara, don harsashi goma take ci, G3 ta soja ita ce Jim, Kalashnikov kuwa Kilash. A wannan lokaci sunan Kilash kaɗai ake ji, har a bakin yaran da ke wasa da karan dawa.

Wata rana bayan Magariba ƙanena ya same ni a gareji. Shi ne autanmu, shekara goma sha biyar na ba shi, a hannuna ya tashi bayan rasuwar Baba, kuma shi ke riƙe da hawashar yanzu. Ya zauna kan tsohuwar taya, ya ce, "Yaya, ka ga abin da ke tafe. Mu haɗa kuɗi mu sayi Kilash ɗaya a gidan nan. Na sami mai sayarwa."

Na ce, "Auta, tun zamanin kaka gidan nan bai san bindiga ba."

Ya ce, "Su ma na Rusairis haka suke cewa."

Wannan magana ta soke ni. A Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, aka kashe fiye da mutum ɗari, dubbai suka bar gidajensu. Dangin matarsa na cikin waɗanda suka iso mana da kayan jikinsu kawai. Bai tsaya nan ba, sai ya ɗauko sandata ya doke ni da ita. Ya ce, "Ba kai kake cewa a sayi injin da kayan gyaransa ke kasuwa ba? Harsashin Kilash ko mai shayi ka tambaya zai nuna maka mai shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai shafa wa naka ruwa ake yi." Ban sami abin cewa ba. Na ce masa ina bin wani Alhaji bashi a Gadarif, bari in je in karɓo, sai mu saya.

Kwana biyu kafin in tafi wani abu ya faru a unguwarmu. Wajen ƙarfe biyu na dare muka ji ruwan wuta, kamar ana yayyaga sabon yadi. Kowa ya kwanta ƙasa, yara na kuka. Da gari ya waye aka gane abin da ya faru. Wani saurayi cikin masu gadi ne ya ji motsi a bakin tur'a, ya firgita, ya danne kunama bai saki ba. Motsin jaki ne. Jakin ko ƙwarzane bai yi ba. Amma harsashi ɗaya ya tsallake fili, ya ratsa zanar wata bukka can nesa, ya sami wata mata 'yar gudun hijira a cinya tana barci da jaririnta. Allah ya yi da sauran kwananta. Yaron na san shi tun yana rarrafe, mai ladabi ne, ba ya ko ɗaga murya. Na gan shi da safe zaune a gindin bango yana rawar jiki, an karɓe bindigar daga hannunsa. Da wannan hoton a raina na hau mota zuwa Gadarif.

Alhajin babban manomi ne na dawa da riɗi, irin masu dubban faddan a gonakin damina. Na sauke masa injin tarakta biyu na ɗaura kafin daminar 2023, bai biya ba, don yaƙi ya tsayar da komai. Na same shi yana haɗa kaya, zai tafi neman magani Masar. Bayan shayi ya ce, "Ya usta, ba zan yi maka ƙarya ba. Rabin kuɗinka kaɗai zan iya tura maka yau ta Bankak, sauran sai Allah ya dawo da ni. Ko kuma akwai wani abu, in kana so ka ɗauka a bakin duka." Ya shiga ɗaki ya fito da wani dogon abu naɗe cikin tsohon bargo.

Da ya warware, sai da numfashina ya tsaya. Bindiga mai liba, gindinta na itace ya yi baƙi saboda shafar hannu, ƙarfenta babu tsatsa ko ɗigo. A jikinta an rubuta Marlin 1894, da .357 Magnum. Ga takardar lasisinta a cikin leda. Ga kuma kwalin harsashi ɗaya da aka riga aka taɓa. Na ƙirga: arba'in da uku.

Ya ba ni labarinta. A farkon shekarun 1980 aka tura shi kwas na noma a Amurka, jihar Kansas, inda ake noman dawa sosai. Kafin ya dawo ya shiga shagon bindiga neman abin da zai kare gona daga gyado da kura. Mai shagon ya shimfiɗa masa uku, duk masu liba. Ɗaya tana cin .30-30, harsashin doguwar bindiga na ainihi, mai nisan zango, na farautar barewa. Sauran biyun harsashin libarba suke ci, wato ƙaramar bindigar nan mai juyi: ɗaya .44 Magnum, ɗaya .357 Magnum. Ta .44 ta fi nauyin duka, amma tana shuri a kafaɗa kuma harsashinta ya fi tsada. Ta .357 ba ta shuri sosai, ba ta da nauyi, ko yaron gona zai iya koyonta, kuma tana cin wani ƙaramin harsashi mai araha da ake kira .38 Special. Ya ce, "Na tambayi kaina, mene ne mafi nisa da zan harba? Na ga bai wuce daga bukkata zuwa bakin gona ba. Sai na ɗauki wannan." Kwali goma ya sayo da ita. Shekara arba'in ya ci tara da 'yan kai.

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Ya ce in tafi da hankalina, bindigar na nan.

Kafin in tashi sai da na dube ta duban makanike. Gidan harsashinta bututu ne kwance ƙarƙashin bakin bindigar, harsasai na jere a ciki kai da gindi, sifirin na tura su. Tara take ci. Shi ya sa kan harsashinta yake da faɗi, don da mai tsini ne, da tsinin na baya zai iya dukan gindin na gaba ya tayar da shi. Harsashin libarba dama gajere ne mai faɗin kai, kamar don wannan bututun aka yi shi. Kwanso ta gefe take jefarwa. Babu wani gidan harsashi na cirewa da zai ɓata ko ya lanƙwashe. Na tura libar na dawo da ita, na ji wannan ƙarar da na sani tun ina yaro, amma a wannan karon a tafin hannuna.

A daren, a gidan wani ɗan'uwa da na sauka, na kwana ina karatu a waya. A nan na gane daga ina wannan dabara ta fito. A 1873 kamfanin Winchester ya fitar da bindiga mai liba da harsashin da aka sani da .44-40. Bayan 'yan shekaru kamfanin Colt ya ƙera libarba mai cin wannan harsashin. Mutumin da ke zaune tafiyar kwanaki daga shago mafi kusa sai ya huta: harsashi iri ɗaya zai saya, ya ciyar da doguwa da gajeriya. Na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai. Ashe dokata ce ta haifi wannan bindiga. Makiyayin Amurka na wancan zamani da manomin Rahad tunani ɗaya suke yi: me zan samu ranar da nawa ya ƙare? Sai dai in ka ɗauko wannan tunani ka dasa shi a Fau ta 2024, ba Marlin zai nuna maka ba. Kilash zai nuna maka. Auta ya fi ni gaskiya a bisa ƙa'idata.

Na nemi mafita. Na ce tunda tana cin .38, ai akwai tsofaffin libarba na Ingilishi irin Webley da suka rage a hannun wasu dattawa, ƙila a samu harsashinsu. Da na bincika sai na tarar wannan wani .38 ne daban, ya fi gajarta kuma ya ɗan fi kauri, ba na wannan bindiga ba ne. Suna ne kawai ya zo ɗaya, kamar noti biyu masu lamba ɗaya amma zare daban. Ƙofar nan ta rufe. Arba'in da uku ne, in sun ƙare bindigar ta zama sanda.

Sai na koma kan alƙaluma. Harsashin .357 in ya fito daga libarba yana gudun kusan mita 380 a sakan. A doguwar bindiga, da yake albarushin yana samun sararin da zai gama ci, gudun kan haura mita 500. Wannan ya ishe shi ya kayar da kura ko gyado a cikin mita ɗari. Bayan nan sai ya fara sunkuyawa ƙasa da sauri. Harsashin Kilash kuwa yana wuce mita 700 a sakan, an yi shi don ya sami mutum a mita 300, kuma yana iya kisa nesa da haka sosai. Gidanta talatin yake ci, in ka danne kunama ba ka saki ba, cikin sakan uku sun ƙare. Kada wani ya ɗauka ta Alhaji abin wasa ce. Ita ma tana ratsa zana, tana ratsa ƙofar langa-langa, tana kashe mutum har lahira. Bambancin da na gani shi ne, bayan kowane harbi dole hannunka ya bar kunama ya yi wani aiki kafin na biyu ya fita. Yaron unguwarmu bai sami wannan ɗan tsaikon ba.

Daga nan na yi wa kaina tambayar Alhaji, amma ta zamaninmu: wa zan harba? Na jera su. Na farko, mayaƙa a kan motocin yaƙi da manyan bindigogi ɗaure a baya. Waɗannan ko Kilash uku gare ni, ni makanike mai ciwon gwiwa, ba zan tare su a ƙofar gida ba. Baƙin da suka kwana a tsakar gidana sun ba ni labaran ƙauyukan da bindiga ɗaya ko biyu ba ta hana komai ba. Na biyu, ɓarawon akuya ko na man dizal. Shi ƙarar harbi ɗaya ta ishe shi, kuma ba na son in tashi ranar Alƙiyama da jininsa a kan jarkar mai. Na uku, kura da karnukan da suka yi yawa tun da mutane suka watse suka bar su. Wannan kam aikin ta Alhaji ne.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa Auta ba. 'Ya'yana maza uku ne, babban yana shekara goma sha bakwai a lokacin. Na ga yadda yake bin masu Kilash da kallo, irin kallon da nake yi wa hannun kaboyi a silima. Na san in ta shigo gidan, ba ƙarƙashin gado za ta tsaya ba. Bindigar da harsashinta ke ko'ina, ko'ina take kai mai ita. In ya ƙare za ka koma wurin mai sayarwa, mai sayarwa ya san sunanka, gobe ya san na ɗanka. A sana'ata wannan shi ne alherin kayan gyara masu yawa, suna ɗaure ka da kasuwa har abada. A daren nan na ga ba kowace kasuwa nake so a ɗaure ni da ita ba.

Da safe na koma na ce na karɓa. Muka je aka yi abin da dokar makamai ta tanada, takarda ta koma sunana. Da zai miƙa mini ita ya riƙe hannuna ya ce, "Ya usta, shekara arba'in ban taɓa nuna bakinta ga ɗan Adam ba. Kada ka ɓata mata tarihi." Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na sani sarai abin da na ɗauka.

Auta ya dubi bargon, ya dubi kwalin, ya dube ni. Ya ce, "Yaya, kuɗin injin tarakta biyu ke nan? Bindigar silima?" Ya tambayi nawa take ci, na ce tara. Ya ce, "To sannu da zuwa, Abu Tis'a." Dariya ya yi, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya ce na zaɓi abin da raina ke so tun ƙuruciya na bar gida a buɗe. Ba zan ɓoye muku ba, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Har yau ban iya rantsuwa cewa yaron garejin Madani bai sa hannu a wannan shawara ba. Auta ya sayar da saniyarsa da ɗan maraƙinta, ya sayi Kilash shi kaɗai, ya shiga masu tsaro. Wata uku ba mu sa hannu a tire ɗaya ba. Inna ta kira mu ta ce, "Ubanku da gora ya riƙe gidan nan ba a taɓa jin kanku ba. Yanzu bindiga biyu, an rasa mai gaida wani." Muka sunkuyar da kai, amma kowa ya tashi da ra'ayinsa.

Ainihin shirina na tsaro kuwa ba a cikin bargo yake ba. Yana bayan gareji: tarakta da tirela, tanki cike, jarka huɗu na dizal a binne, buhun dawa biyu, takardun gida a leda. Na nuna wa maman yara hanyar da za mu bi ta cikin gonaki in titi ya toshe. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Allah bai sa mun hau tirelar ba. Fau ba ta faɗi ba, kuma ba dabarata ce ta hana ba, ba kuma Kilash ɗin Auta ba. A Yunin 2024 da labarin Wad an-Nura ya iso, inda aka kashe fiye da mutum ɗari a ƙauye ɗaya na Jazira, Auta ya aiko mini da saƙo: "Ka gani?" Na mayar masa: "Kai ma ka gani?" Abu ɗaya muka kalla, kowa ya ga hujjarsa. Har yau ba mu warware wannan ba.

Harsashi uku na ƙona a gindin dutse don hannuna ya san ta. Duk da shekarunsu, ukun sun tashi. Saura arba'in. Sau ɗaya tak na fito da ita don aiki. Da daminar 2024 wani mahaukacin kare ya shigo unguwa da hantsi, ya ciji akuya biyu, ya nufi wajen da yara ke ɗiban ruwa. Na fito da gudu, zuciyata na dukan uku-uku. Na harba na farko, na kuskure, ƙasa ta tashi a gefensa. Na tura liba na dawo da ita. A cikin wannan ɗan tsaikon idona ya bar karen, sai na hango 'yar maƙwabcina, yarinya 'yar shekara shida, ta fito daga lungu a guje ta bayansa, daidai inda bakin bindigata ke kallo. Na ɗaga bakin sama. Na jira ta shige, kare ya juyo, sannan na harba na biyu. Ya faɗi. Na zauna a ƙasa, gwiwoyina suka ƙi ɗaukata. Ban san abin da zai faru ba da wata bindigar ce a hannuna, kuma ba na son in sani. Saura talatin da takwas.

Ranar 11 ga Janairun 2025 soja suka koma Madani. Fau ta kwana tana harbi sama don murna, mu kuwa muka tara yara a ɗakin da rufinsa ya fi kauri, muna jin abin da aka harba yana dawowa kan langa-langa. Baƙinmu suka fara komawa ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa ta koma tambayar farashin gyaɗa. Amma bindigogin da aka saya ba su koma ko'ina ba. Suna nan ƙarƙashin gadaje, cikin rumbuna, bayan buhuna, kuma harsashinsu bai yi wuyar samu ba.

Bayan ƙaramar salla Auta ya shigo gareji, ya zauna kan tayar nan tasa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce jiya ya dawo daga gona ya tarar da ɗansa mai shekara biyar ya jawo Kilash daga ƙarƙashin gado, yana jan ta a tsakar gida kamar akuya, ƙanwarsa na biye. Ya ce, "Yaya, ka yi mini akwati. Na ƙarfe, mai kwaɗo biyu."

Ban ce masa na faɗa maka ba, don ban faɗa masa ba, kuma ni ma tawa a bargo take a kan sif, inda ɗana na tsakiya ya riga ya kai tsawo. Na ɗauko ƙarfen tsohuwar tirela, na auna, na yanka. Akwati biyu na yi walda a ranar, shi yana riƙe mini ƙarfe ina ɗinkewa, kamar lokacin da yake yaro. Da azahar maman yara ta aiko da tuwo, muka wanke hannu muka ci a tire ɗaya. Da muka gama ya ɗaga akwatina ya jijjiga, ya ce, "Abu Tis'a ta samu ɗaki." Wannan karon dariyar ta gaske ce.

Har yanzu in manomi ya zo neman shawara, abin da na saba nake gaya masa: kada ka sayi injin da babu kayan gyaransa a Gadarif. Ban janye ko kalma ɗaya ba. Harsasaina kuwa duk ƙarshen wata nakan buɗe kwaɗo, in shafa wa ƙarfen mai, in tura liba sau ɗaya don in ji ƙarar, in ƙirga su. Talatin da takwas. Babban ɗana ya taɓa tambayata me za mu yi in sun ƙare. Na ce masa sai mu rataye ta a bango, mu nemo tsohon garwa irin na kakansa. Allah ya sa su tsufa a cikin kwalinsu.